Ait Bin Haddu: Ƙauyen Da Duniya Ta San Fuskarsa, Ba Ta San Sunansa Ba

Duk mai yawan kallon finafinan Turawa, musamman irin waɗanda ake nuna zamanin da, na dawaki da takubba da rairayi, da wuya a ce bai taɓa ganin ƙauyen Ait Bin Haddu ba. Ya ga jajayen gine-ginen ƙasa sun hau jikin tudu hawa-hawa, ga dogayen soraye masu zankwaye, ga itatuwan dabino a bakin kogi, ga duwatsun Atlas can daga nesa. Amma idan aka tambaye shi sunan wurin, ko ƙasar da yake, ba zai iya faɗa ba, domin duk sa'ad da ya gan shi da wani suna aka kira masa shi. Yau a ce masa Masar ce, gobe a ce Birnin Ƙudus ne, jibi kuma a ce wani gari ne da ba a taɓa yin sa a doron ƙasa ba. Wannan al'amari ya daɗe yana damuna, kuma ina ganin ya kamata a tsaya a dube shi da idon basira, tunda abin da ke faruwa da wannan ƙauye shi ne ke faruwa da ƙauyuka masu kyan gani a sassa da dama na duniya.

Ƙauyen yana kudancin Maroko, a kwarin kogin Unila, kimanin kilomita 30 daga birnin Warzazat. Irin garin nan ne da mutanen yankin ke kira "ksar", wato gidaje a cure wuri guda cikin ganuwa, da ƙofofi da hasumiyoyin tsaro a kusurwoyi. A ƙolin tudun akwai rumbun gari, inda ake ajiye hatsi da kaya masu daraja saboda gudun hari, kuma akwai masallaci da dandali da maƙabartu biyu, ta Musulmi da ta Yahudawa, shaidar cewa al'ummomin biyu sun zauna tare a nan. Masana sun ce mafi tsufan gine-ginen da ke tsaye yanzu ba su wuce ƙarni na 17 ba, ko da yake an daɗe da zama a wurin kafin haka. Arzikin garin daga fatauci ya zo. Ayarin da ya ƙetaro Sahara da zinari da gishiri, da bayi ma, domin babu amfanin ɓoye wannan, yakan ya da zango a nan kafin ya hau duwatsu ya gangara Marrakesh. Da fataucin raƙuma ya mutu, kuma Faransawa suka fasa titin mota ta mashigar Tishka a shekarun 1930 suka kauce wa kwarin Unila, sai garin ya shiga ja da baya. Sannu a hankali mutane suka riƙa ƙetare kogin suna gina gidaje a ɗaya gaɓar, inda hanya da makaranta da ruwa suka fi kusa, har ya zamana iyalai ƙalilan ne suka saura a cikin tsohuwar ganuwar. A 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

A daidai lokacin da masu garin ke ficewa ne masu kyamara suka fara shigowa. An ɗauki wani sashe na fim ɗin Lawrence of Arabia, wanda ya fito a 1962, a wannan yanki, kuma tun daga nan ƙafa ba ta ɗauke ba. A 1983 aka kafa masana'antar shirya finafinai ta Atlas a bakin Warzazat, wadda ta sa yankin ya zama matattarar kamfanonin Amurka da Turai. Dalilansu a bayyane suke: rana tana haskawa kusan duk shekara, sararin sama garau, akwai hamada da dutse da korama a tafiyar sa'a guda, ƙwadago yana da araha, sannan gwamnati tana ba da haɗin kai har da aron sojoji da dawaki idan ana buƙatar rundunar yaƙi. A fim ɗin Gladiator na shekarar 2000, a gindin wannan ƙauye aka gina filin da ake sa bayi su yi faɗa har mutuwa. A shirin Game of Thrones kuma, a kashin da ya fito a 2013, shi ne aka mayar birnin masu cinikin bayi.

Ba zan raina alherin da wannan sana'a ta kawo ba, kuma duk wanda ya raina shi bai san zaman karkarar da ruwan sama ke yi wa rowa ba. Idan babban fim ya sauka, kafinta da maƙeri da tela da direba da mai dafa abinci da mai raƙumi duk sukan samu aiki, kuma akan ɗauki ɗaruruwan mutane, wani lokaci dubbai, domin su cika taro a bayan jarumai. Akwai magidanta a Warzazat da ke barin gemunsu ya yi tsawo musamman saboda finafinan tarihin addini suna neman masu irin wannan kama. Akwai matasan da suka koyi aikin fitila da gini da kwalliya a wajen baƙi har suka ƙware, suna cin abinci da shi. Bayan an gama ɗauka kuma sai masu yawon buɗe ido su biyo baya, su kwana a masaukai, su sayi darduma da zane. Har gyaran wasu gidajen da suka soma zubewa an yi shi ne saboda ana son a ɗauki fim a cikinsu. Wannan duka gaskiya ne, kuma mutumin da ya samu kuɗin hatsin wata uku daga aikin mako biyu ba ya buƙatar wani marubuci daga nesa ya gaya masa cewa an cuce shi.

Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, wato wane ne ya samar da kyan da ake zuwa ɗauka, kuma wane ne ke biyan kuɗin wanzuwarsa. Mu Hausawa mun fi kowa cancantar fahimtar wannan, domin mun san ginin ƙasa ciki da bai. Mun san cewa gidan tubali rayayyen abu ne, yana son kulawa kamar dabba. Kafin damina sai an hau an duba soro, an toshe tsaga, an gyara indararo, an sake yaɓe inda ya zaizaye, an duba azara ko gara ta shige ta. Mun san kuma cewa ɗakin da aka daina kwana a ciki ya fi saurin faɗuwa, saboda babu mai lura da ɗigon farko, shi ya sa ake cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ginin Ait Bin Haddu ma haka yake. Ana zuba jar ƙasa mai danshi a tsakanin alluna a daddanne ta har ta yi tauri, a ɗora tubali a hawa na sama inda ake yin zane-zanen ado, a yi rufi da itace da kara da ƙasa. Idan aka bar shi shekaru kaɗan babu gyara, ruwa da iska sukan mayar da shi tudun ƙasa. Saboda haka abin da kyamara ke gani a matsayin kyan halitta, a haƙiƙa gumin magina ne da na matan da suka ɗebo ruwa da na iyalan da suka daure suka zauna a gidan da ya fi gidan siminti wahalar riƙewa. Mai shirya fim yakan biya hayar kwanakin da ya yi aiki, ya naɗe kayansa ya tafi, hoton kuma ya ci gaba da kawo kuɗi shekara da shekaru a gidajen kallo da tashoshin talabijin da intanet, alhali bangon da ya ba da hoton yana can yana jiran mai yaɓe. Idan wannan ba shi ne kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, to ya yi kusa da shi ƙwarai.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yadda shaharar fim ke sauya amfanin gidajen kansu. Gidan da aka gina domin iyali, da madafa da turken awaki da rumbu, yanzu ya fi riba idan aka mayar da shi shagon tsaraba ko wurin shan shayi. Mai shago yana gyara fuskar da baƙo ke gani, amma ba lallai ya damu da ɗakunan ciki da ba sa kawo masa ko kwabo ba. An gina gada a kan kogin a 2011 da fatan mutane za su samu sauƙin zirga-zirga har wasu su koma tsohon garin, kuma akwai cibiyar gwamnati a Warzazat mai suna CERKAS da ke kula da irin waɗannan gine-gine, tana ƙoƙarin ganin ba a shigar da siminti ya ɓata su ba. Ƙoƙari ne abin yabo. Sai dai girgizar ƙasar da ta auka wa yankin Atlas ranar 8 ga Satumba, 2023, wadda ta kashe mutane kusan 3,000 ta kuma tsattsaga wasu gine-ginen wannan ƙauye, ta tuna wa kowa cewa irin wannan gado yana iya salwanta cikin dare ɗaya, kuma gyaransa yana son kuɗi na dindindin da magina masu ilmin aikin, waɗanda ba a samun su sai idan sana'ar tana ciyar da su.

A nan ne nake ganin gwamnatin Maroko ta yi rabin aiki ta bar rabi. Domin jawo kamfanonin waje, ta tsara cewa za ta mayar musu da wani kaso na kuɗin da suka kashe a ƙasar, kuma a 2022 ta ɗaga wannan kaso daga 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ban ga laifin wannan ba, tunda gasa ce ake yi tsakanin ƙasashe. Amma idan har baitulmali zai iya mayar wa attajirin kamfani kusan sulusin abin da ya kashe, babu hujjar da za ta hana a rubuta a cikin wannan doka cewa duk wanda ya ɗauki fim a cikin tsohon ƙauye sai ya zuba wani ƙayyadadden kaso a asusun gyaran garin, asusun da mutanen garin ke riƙe da shi, kuma suke sanin shigarsa da fitarsa. Kuɗin da ake buƙata domin yaɓe gidaje goma bai kai abin da babban fim ke kashewa kan abincin ma'aikatansa na 'yan kwanaki ba. Abin da ake nema shi ne a mayar da shi haƙƙi, domin kyautar da ta dogara da kirkin furodusa tana zuwa bana ta ƙi zuwa baɗi.

Sai batun suna, wanda wasu za su ɗauka ƙaramin abu ne, ni kuwa ina ganin shi ne tushen sauran. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu sun san tsaunukan Kashmir da korayen filayenta. Kusa da garin Pahalgam akwai wani kwari da yau kowa ke kira da sunan fim ɗin Betaab da aka ɗauka a can, wanda ya fito a 1983, har sunan da makiyayan wurin suka gada ya kusa ɓacewa daga bakin baƙi. A Ait Bin Haddu ma wasu ƙofofi da aka gina domin wani fim na shekarun 1980 suna nan tsaye a gaban garin, kuma baƙi da yawa suna ɗaukar hoto a jikinsu da zaton aikin kakanni ne. Mai rakiyar baƙi, wanda ya san abin da ke kawo masa kuɗi, ya fi saurin nuna inda jarumi ya tsaya da takobi fiye da bayanin yadda ake rabon ruwan kogi tsakanin gonaki, ko yadda dattawan gari ke tafiyar da rumbun da ke ƙolin tudu. Yaron da ya tashi a wannan yanayi zai girma yana ganin cewa darajar garinsu ita ce ya yi kama da wani wuri. Kuma ya kamata a lura da irin rawar da ake ba mutanen: su ne taron bayi, su ne 'yan kasuwa masu hayaniya, su ne rundunar da jarumi zai karkashe ko talakawan da zai 'yanta. Yarensu na Tamazight da wuya a ji shi, labarinsu kuma ba a tambaya.

Wani daraktan Maroko, Daoud Aoulad-Syad, ya fito da fim a 2010 wanda ya taɓo zuciyar wannan matsala fiye da duk wani sharhi. Labarin wani manomi ne da ya ba da hayar gonarsa aka gina garin wasa a ciki, har da masallaci. Da aka gama aiki aka rushe komai, sai masallacin ya gagara, domin mutanen ƙauye sun riga sun fara salla a cikinsa, kuma babu wanda zai ɗaga gatari a kan ɗakin Allah. Manomin ya rasa gonar da yake ciyar da iyalinsa, ya yi ta yawo tsakanin malamai da hukuma babu mafita. Abin da labarin ke nunawa shi ne baƙo yana ganin abin da ya gina na wucin gadi ne, amma a wajen masu gari babu abin da ke wucewa haka nan. Duk abin da aka kafa a ƙasarsu yana shiga rayuwarsu, ya taɓa gonarsu da addininsu da zumuncinsu, kuma su ne ke zama da shi bayan motoci sun tashi.

Idan aka duba yadda wasu ƙauyukan suka yi, za a ga cewa bambancin yana ga wanda ke da ikon yanke hukunci. Iseltwald ƙaramin ƙauye ne a bakin tafkin Brienz a Suwizalan, mazaunansa kimanin 400. Wani shirin Koriya ta Kudu ya ɗauki fitowa guda a kan ɗan dandamalin katako da ke bakin tafkin, sai motocin baƙi suka riƙa cika garin, a ɗauki hoto a wuce, a bar musu shara da cunkoso. A 2023 hukumar ƙauyen ta kafa ƙofa a bakin dandamalin, ta sa kuɗin shiga faran biyar na ƙasar, ta kuma ƙayyade shigowar manyan motoci. An yi ta suka, amma sun yi abinsu, saboda dokar ƙasarsu ta ba ƙaramar hukuma wannan iko. Ƙauyen da ba shi da irin wannan murya sai dai ya wayi gari ya ga an zo da takardar izini daga babban birni.

Na san abin da za a ce. Za a ce fim ƙage ne, kuma aikinsa ke nan ya mayar da wuri wani wuri, kamar yadda ɗan wasa ke zama sarki alhali ba sarki ba ne. Za a kuma ce idan aka cika sharuɗɗa, kamfanoni za su koma Jodan ko kudancin Sifen, ko Saudiyya da ta sanar a 2022 cewa za ta mayar da har kashi 40 cikin ɗari, ko ma su zauna a ɗaki su zana garin da kwamfuta, mutanen Warzazat su tashi a tutar babu. Hujja ta farko na karɓe ta, amma ɗan wasan da ya zama sarki ana rubuta sunansa, ana biyansa gwargwadon darajarsa, kuma da yardarsa ya karɓi rawar. Abin da nake nema wa ƙauye ke nan, ba ƙari. Hujja ta biyu tana da nauyi, kuma ita ce ke sa mutanen yankin yin shiru ko da an taka su, domin a ganinsu da babu gara ba daɗi. Sai dai kamfanin da ya ƙetaro teku da ɗaruruwan ma'aikata ya zo ne saboda abin da kwamfuta ba ta ba shi ba, wato hasken rana a jikin jar ƙasa ta gaske da lungunan da ƙafafun mutane suka sassaƙa cikin ɗaruruwan shekaru. Wanda ya yi wannan tafiya ba zai fasa ba saboda an ce ya biya kuɗin yaɓe ko ya zauna da dattawa kafin ya kafa kyamara. Idan kuwa aka bar garin ya zube, ko ya zama kango mai shaguna, to a ranar ne za su daina zuwa gaba ɗaya.

Wannan magana ba ta yi mana nisa ba. Tsohon birnin Agadas a Nijar, mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, wanda UNESCO ta sa cikin jerinta a 2013, shi ma ya taɓa karɓar irin waɗannan baƙi, lokacin da daraktan Italiya Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na 1990 a can, kuma har yanzu ana nuna wa baƙi gidan da aka yi aikin. A arewacin Nijeriya kuwa, masu shirya finafinan Hausa kullum suna fita ƙauyuka neman gidan ƙasa da rumbu da rijiya da inuwar kuka, musamman idan labarin na sarauta ne ko na zamanin da. Su ba baƙi ba ne daga ƙetare, kuɗinsu kuma bai kai na Amurkawa ba, saboda haka ba za a ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu ba. Amma sau da yawa ƙauyen da ya ba da aron zaurensa da tsakar gidansa shi ne kuma ake nunawa a matsayin mazaunin jahilci, baƙauye ya zama abin dariya a fim ɗin da aka ɗauka a ƙofar gidansa, kuma ko sunan garin ba a rubutawa a ƙarshe. Ya kamata dagaci ko mai unguwar da aka zo neman izini a wajensa ya tambayi labarin da za a ɗauka kafin ya amsa, ya tara masu gidajen da za a shiga su ji da kunnensu, a yi magana a kan abin da za a biya da abin da za a gyara idan an ɓata, sannan ya nemi a rubuta sunan garin da na masu gidajen a cikin jerin sunayen da ke fitowa bayan an gama. Idan akwai rarar kuɗi, a ware na maginin da zai hau soron nan kafin ruwan farko ya sauka.